Akushin da Aka Ci Gefe Ɗaya

Ban taɓa ganin fim ɗin ba, kuma ba ni da niyyar ganinsa. Kwanakin baya 'yata ta zo daga Gusau da wayarta mai faɗin faranti, ta ce ta bincika ta gano shi, in zauna ta nuna mini ƙarshensa, tunda ta girma tana jin labarinsa a bakina. Na ce ta mayar da abarta jaka. Ta yi ta dariya, wai tsoro nake ji. Ba tsoro ba ne. Fim ɗin nan ya shigo gidana ba sallama, ya kusa raba ni da dangina, ya sa an ƙi cin tuwona. Yanzu da tsufana ba zan shimfiɗa masa tabarma ba.

Lokacin ana gina dam ɗin Bakolori. Muna zaune a Talata Mafara, wata unguwa bayan kasuwa, ni da maigidana da yara biyu ƙanana. Ni 'yar ƙasar Maradun ce, fadamar mahaifinmu tana cikin waɗanda ruwa ya haɗiye. Maigidana mutumin Bakura ne. Tasu gonar katafila ce ta bi ta kanta ta baje, aka ce su jira a gama hanyoyin ruwa sannan a mayar musu. Jira ya yi tsawo, ciki kuwa bai san jira ba. Da yake ya ɗan taɓa firamare, yana jin Turanci sama-sama, sai ya samu aiki wurin masu awon ƙasa. Shi ke riƙe doguwar sandar nan mai zane-zane, Bature yana leƙensa ta cikin na'ura mai ƙafa uku. Aikin ke nan, tsayuwa cikin rana da sanda. Amma safe da yamma yana shiga motar kamfani, kuma a idon wanda aka raba da gonarsa, duk wanda ya shiga motar nan ya zama nasu.

Yana da amini. Tare aka yi musu kaciya, shi ne babban abokin ango a bikinmu, kuma har na haifi biyu bai daina ce mini amarya ba. Shi ma an baje gonarsa, ya biyo mu Mafara ya kama ɗaki gida biyu tsakaninmu, yana ɗan kasuwancin rake. Aikin kamfani kam ya rantse ko za a yanka shi ba zai yi ba. Kullum sai sun yi musu a kan haka, shi da maigidana, su rabu kamar ba za su sake magana ba, gari na wayewa ka ji su suna dariya a ƙofar gida.

A unguwarmu ana ciyayya. Bayan sallar magariba kowane magidanci ya ɗauko akushinsa ya kai ƙofar gidan wani dattijo da ke jikin namu, a shimfiɗa tabarma, a buɗe na wannan a ci, a ture, a buɗe na gaba. Mu mata muna cikin gida, ba ma ganin wanda ya zauna da wanda ya tashi. Amma akushi yana dawowa, kuma macen da ta san aikinta tana karanta akushi. Na san hannun kowa. Maigidana yakan yanki tuwo daga baki, tsaf, kamar da wuƙa. Dattijon ba haƙora, sai ya kwashe saman da miya ta jiƙa. Aminin kuwa rami yake haƙawa, ya nutsa da yatsunsa har gindin akushi, miya ta gangara ciki. Ramin gafiya nake ce masa. Akushina bai cika dawowa da komai ba, ba yabon kai ba, a tambayi duk wanda ya rage daga unguwar.

To, a wurin aikin nan akwai wani dogon sito da ake nuna wa ma'aikata majigi ranar Lahadi da rana, a toshe tagogi da buhuna. An yarda kowa ya zo da baƙo. Wata Lahadi maigidana ya lallashi aminin, da wasu maƙwabta biyu da suka maƙale musu, suka tafi. Aminin ya ce ba don kamfani zai je ba, zai je ne ya ga ƙaryar Turawa da idonsa.

Ga yadda aka ba ni labarin, kuma an ba ni shi har na haddace. 'Yan leƙen asiri ne guda biyu a wata ƙasa mai sanyi, kowa da doguwar riga da malafa. Aminan juna ne. An harbi ɗaya a ƙafa, ɗayan ya goya shi ya haye kogi da shi. Ana nan, sai wanda aka goya ɗin ya aika wa abokinsa su haɗu a tashar jirgin ƙasa. Suka haɗu, suka rungumi juna, suna cikin gaisawa sai ya cire malafarsa. Ashe alama ce. Mutane suka fito ta ko'ina suka kama wanda ya yi goyon. A nan zanen da ake haska majigin a kai ya yi fari fat. Mai majigin ya duba akwati, babu faifan ƙarshe, an manta da shi can inda aka aiko. Aka ce sai wani makon. Wani makon wani fim aka kawo, na dawakai.

Daren nan a wurin ciyayya ba a yi wata magana ba sai ta mai malafa. Kowa na tsine masa. Da yake maigidana ne ya fassara musu Turancin, sai aka juyo kansa. Shi kuwa Allah ya yi shi da son a yi adalci ko ga kare ne. Ya ce, "Ku dakata mana. Ai ba a ƙare ba. Wa yas sani ko yana da dalili? Wataƙila ya ba da shi ne don kar a kashe shi." Aminin ya tuntsire da dariya, har ina jiyo shi ta katanga, ya ce, "Kun jiya? Lauyan munahukai!" Aka yi dariya aka tashi. Da maganar ta tsaya nan, da yau ba ni da labari.

A tsakanin nan manoma sun gaji da gafara sa. Ana taruwa a ɓoye ana shawarar tare hanyar da manyan motoci ke bi, kada su sake shiga sai an mayar wa mutane gonakinsu. Aminin yana cikin masu baki a taron. Abin da ya biyo baya a ƙasar nan, waɗanda suka gani sun gani, ba shi nake ba da labari ba. Nawa ƙarami ne. Wata Talata, kasuwa ta cika, maigidana ya bi ta wurin masu rake ya tsaya suna gaisawa da amininsa. Gaisuwar mutanenmu kun san ta, sai an tambayi gida da gajiya da rana da dabbobi. Maigidana kuma yana da wata ɗabi'a tun yana saurayi, in gaisuwa ta yi tsawo sai ya cire hula ya sosa ƙeya. Ya cire, ya sosa, ya mayar, ya wuce. Bai kai bakin kasuwa ba wasu masu kaki suka zo suka tasa aminin gaba.

Mutum huɗu kawai suka ga fim ɗin daga unguwarmu, amma kafin la'asar duk Mafara ta gan shi. Wa ke shiga motar kamfani? Wa ya kare mai malafa? Wa ya cire hula? Har da masu rantsuwa sun ga ya ɗaga ta sama sau biyu yana kaɗawa. Ba wanda ya tare shi ya faɗa masa a fuska. Ina ma an yi haka, da an yi ta ta ƙare.

Ranar da abin ya faru na yi tuwon dawa da miyar kuka kamar kullum. Maigidana ya ɗauka ya fita. Da ya dawo ya ajiye akushin a bakin madafi, na ji nauyinsa tun kafin in buɗe. Gefe ɗaya aka ci, yankan wuƙa, nasa. Sauran yana nan yadda na kwashe shi, har miyar ta daskare. Sun buɗe na kowa, da aka zo kan namu sai hannuwa suka koma kan gwiwa. Ba a kore shi ba, ba a zage shi ba, an ma amsa sallamarsa. Wanda bai yi zaman ciyayya ba zai ce tuwo ne kawai. Wanda ya yi ya san an gama da mutum.

Washegari ya ce in zuba masa a ɗaki. Na ce a'a. Na ce ranar da akushin nan ya fasa fita, ranar muka sa hannu a kan abin da ake faɗi. Ya dube ni ya ɗauka ya fita, ya dawo da shi gefe ɗaya.

Daga nan na ɗaura ɗamara. Tunda sun ce ba za su ci ba, to su ƙi ci suna haɗiyar yawu. Na aika aka samo mini man shanu wurin matan Fulanin Damaga masu kawo nono. Na shiga kajina ɗaya bayan ɗaya. Na yi miyar sure da busasshen kifi, na yi taushe, na daka daddawa sabuwa, na soya albasa daidai lokacin da na san suna fitowa daga masallaci, iska ta kai musu. Abin da ya dawo da safe in ɗumama wa yara, in ba almajirai da kaji. Matar dattijon ta leƙo ta katanga ta ce, "Ɗiyata, ki rufa wa kanki asiri ki bar hidda tuwon ga. Ana ta yi da ke." Na ce, "Inna, a yi da ni ɗin. In sun gaji da yi da ni sa ci." Ta ce bakina zai ja mini. Na ce ya daɗe yana ja.

Wata magariba haƙurina ya ƙare. Ni da ban taɓa leƙa zaure ba in akwai maza, na yafa gyale na tsaya a bayan ƙyaure, inda za su ji ni ba su gan ni ba. Na yi sallama. Na gaishe da dattijon yadda ya kamata, sannan na ce, "Baba, tambaya gare ni. Tuwon ga ni nit tuƙa shi, ba maigidana ba. Ni ban tahi kasuwa ba, ban da hula. Mi tuwona yay yi muku?" Na ji wani ya yi gyaran murya. Na ce, "In akwai wanda yag ga an ba maigidana ko anini don ya saida amininai, ya hwaɗi yanzu ina ji, ni da kaina zan ɗauke akushin. In kuwa majigi kunka gani, to majigin ma ba ku ga ƙarshenai ba." Dattijon ya ce, "Koma ciki, ɗiyata. Maganar maza ce." Na ce, "To, Baba. Amma tuwon na mata ne." Na koma ciki cike da haushi. Akushin ya dawo gefe ɗaya, maigidana kuma ya kwana biyu ba ya yi mini magana, wai na kunyata shi.

Sai ga yayana daga ƙauyen da aka tsugunar da su, a kan keke, da hantsi. Labari ya kai can. Muka gaisa, na kawo masa fura, ya zauna a inuwar ɗaki. Bai sha ba. Ya ce, "Tashi ki ɗauki ɗiyanki mu tahi. Baba ya ce ba ya son jininai cikin gidan wanda ka saida mutane. Ruwa ya ci muna hwadama, ba za mu ƙara da abin kunya ba."

Na ce, "Yaya, kai ka ga sa'ad da yas saida shi?"

Ya ce, "Kowa ya gani. Ya cire hula."

Na dubi gwiwarsa. Hularsa tana kai, tun da ya zauna ya cire ta yana fifita da ita. Na ce, "To kai wa kaka shirin saidawa? Ni?"

Ya mayar da ita kansa da sauri kamar ta ƙone shi. Bai yi dariya ba. Ya ce in ban bi shi ba, kada in sake taka gidanmu. Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Ina son mahaifina, kuma tsoho ne da aka raba da ƙasar da ya binne iyayensa. Amma na ce ya gaishe da Baba, ya ce masa shi ya aurar da ni ga mutumin nan bayan ya yi bincike, in zai warware sai ya kawo abin da ya fi hula. Ya hau kekensa ya tafi, furar tana nan ƙuda na bi. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na ɗora tukunya.

Kada wani ya ɗauka na san gaskiyar maganar ne shi ya sa na tsaya. Ban sani ba. Ba na cikin kasuwa, ba na cikin motar kamfani, ban san abin da ake tambayarsa a can ba ko abin da yake amsawa. Zuciya ba ta da ƙashi, takan kai ni can ta dawo da ni. Shi kuma ya rame, ya daina cire hula ko a tsakar gida, da ita yake zama gumi yana bin wuyansa. Wata Juma'a yana zaune a gindin turmi yana yanke farce, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Ke ba ki tambaye ni ba."

Na ce, "Mi zan tambaya?"

"Abin da kowa ka hwaɗi."

Na ce, "Ni ba kowa ba ce. Cire hular ga ka sha iska, kanka ya fara tsami." Na miƙa hannu na cire ta da kaina na rataye a ƙusa. Na ga idonsa ya kawo ruwa, sai na juya na ci gaba da tankaɗe. Har ya koma ga Allah ban tambaye shi ba, kuma ba na nadama. In na tambaya ya ce a'a, me na ƙaru da shi? Ai ko mai malafa a'a zai ce.

Sai da damina ta sauka aka sako aminin. Ya dawo a bushe, yana jan ƙafa, ba ya yawan magana. Unguwa ta yi ta tururuwa zuwa yi masa barka. Maigidana ma ya je, aka gaisa, ya fito. Kowa yana jiran aminin ya buɗe baki ya kama suna, shi kuwa duk wanda ya tambaye shi sai ya ce Allah ya sani. Ciyayya bai fito ba. Ni kuma a lokacin kajina sun ƙare, man shanu ya ƙare, ƙarfina ma ya kusa. Na koma miyar kuka tsura, ranar da aka samu daddawa a gode Allah. Amma akushi bai fasa fita ba.

Ranar da aminin ya fito ciyayya, ban ma sani ba. Ina wanke wa ƙaramin yaron ƙafa maigidana ya shigo, ya ajiye akushin a bakin madafi, ya wuce ɗaki da sauri kamar an biyo shi. Na ɗauka, na ji kamar ya ɗan rage nauyi. Na kai shi kusa da fitila na buɗe. Ga yankan wuƙa a gefensa na kullum. A ɗaya gefen, daidai inda mutum zai zauna ya fuskance shi, ga rami har gindin akushi, miya ta gangara ta taru a ciki. Saman dattijon yana nan ba a taɓa ba, na sauran ma haka. Hannu biyu ne kawai. Na zauna a ƙasa da akushin a cinyata na daɗe ban tashi ba.

Sauran sun dawo daga baya, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yi kamar bai taɓa dainawa ba. Akwai wanda har ya bar unguwar bai sake sa hannu ba, shi ya jiyo. Mahaifina sai da aka yi sallah biyu ya aiko a ce in zo. Amma duk wannan daga baya ne.

Washegarin daren da na ga ramin, da safe ina shara na ji jan ƙafa a bayan katanga, aka tsaya. Ya ce, "Amarya, kin tashi lahiya?" Muryar ta dushe, amma tasa ce. Na amsa, na yi masa barka da dawowa, muka gaisa doguwa. Sai ya ce, "Miyar jiya gishiri ya yi kaɗan." Na ce wanda ya yi wata da watanni bai ci tuwon mutane ba, bai kamata ya dawo da tsegumi ba. Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi.

Na matsa jikin katangar, na rage murya. Abin da ban tambayi mijina ba, shi na tambaye shi. Na ce, "Can sun hwaɗa maka wanda yak kai sunanka?"

Ya ce, "Ba su hwaɗa ba."

"Ke nan ba ka sani ba ko shi ne ko ba shi ba."

"Ban sani ba, amarya."

Na ce, "To don mi kac ci?"

Na ji ya jingina da katangar. Can ya ce, "Ke don mi ba ki bar tuƙawa ba?"

Na ji ya ja ƙafarsa ya nufi kasuwa. Da yamma na ƙara gishiri.